Foldar fina-finan farautar mutane da na turo a wani shago a Tudun Wada

Masu son tsofaffin fina-finan horo, wato na ban tsoro, a garin nan na Kaduna, akwai wani ɗan shagon turi a Tudun Wada ba nisa da Kasuwar Barci da ya kamata ku leƙa. Ba zan kama sunan shagon ba don akwai ƙorafi a maganata kuma bana son abun ya zama tozarci. Shago ne ƙarami, benci ɗaya, janareta na ta ruri a bakin ƙofa, amma yaron da ke kan kwamfutar ya san kayansa. Yawancin masu turi in ka wuce Indiya Hausa da dogon zango na Koriya da Turkiyya to sun gama, shi kuwa yana da folda guda da ya tara fina-finan da ake farautar ɗan adam kamar naman daji, tun daga na baƙi da fari har na zamanin kaset. Da na ce duka nake so sai ya ɗago ya ce "Yaya, tsofaffi ne fa, wasu ko kala babu." Na ce ƙanena zuba min kawai, su nake nema.

Gaskiya ban yi asarar kuɗina ba. Daɗin foldar shi ne in ka kalle su a jere za ka gane kusan labari ɗaya ne ake ta sake masa riga. Tushen wani gajeren labari ne da Richard Connell ya rubuta a 1924, The Most Dangerous Game, kamfanin RKO na Amurka ya mayar da shi fim a 1932 da wannan sunan. Duk foldar babu kamar wannan, kuma awa ɗaya da ƴan mintuna ne kacal.

Ga yadda ake gina abun. Dole a fara yanke ka daga duniya, shi ya sa kusan kullum tsibiri ne. Jirgin ruwa ya kife, jarumi ya tsira da ƙyar, ya hango wani katafaren gida, ya je ya ƙwanƙwasa, wani ƙaton yaron gida da baya magana ya buɗe yana ta zare ido. Sai kuma maigidan ya sauko cikin kwat mai kyau da murmushi. To nan ne fa hikimar take, bos ɗin baya fitowa da wuƙa a hannu, da karamci yake fitowa. Ya ba ka ɗaki, ya ba ka kayan sawa, ya zaunar da kai a teburin abinci, har fiyano ya kaɗa maka. Count Zaroff na fim ɗin 1932, wanda Leslie Banks ya fito a matsayinsa, yana da tabo a goshi da ɓauna ta yi masa, duk sanda aka zo maganar farauta sai ka ga yatsunsa sun tafi kan tabon a hankali yana shafawa, idonsa ya canza. Wallahi wannan shafa tabon ya fi tayar min da tsigar jiki a kan duk jinin da ake zubarwa a fina-finan yanzu. Kuma ina ga mu abun ya fi taɓa mu, tunda mun taso a kan baƙonka annabinka, to ga mutum ya karɓi baƙo hannu bibbiyu alhali shi da kansa ya gusar da fitilun da ke nuna wa jirage hanya don su daki dutse baƙin su faɗo hannunsa.

Daga teburin abinci sai huɗubar bos, wannan ba ta fashi. Zai ce ya harbi duk wata dabba a duniya har farauta ta gundure shi, sai ya samo dabbar da take tunani. Sai ɗakin da ake kullewa a ƙasa, inda kawunan mutane ke jere maimakon na barewa. Sai doka, kuma dokar ita ce ƙashin bayan labarin: za a ba ka wuƙa, a ba ka rata ka shiga daji, in ka kai asuba da ranka ka ci. Bos ɗin yana ganin kansa mai adalci ne fa, amma ku lura, ya fara da kwari da baka, da abu ya ƙi ya ɗauko bindiga, da ya ga alfijir na gabatowa ya saki karnuka. Adalcin nasa iyakarsa inda yake cin nasara. Shi ma jarumin ba a bar shi haka ba, shahararren mafarauci ne, a farkon fim an tambaye shi ko zai yarda ya tsaya a matsayin damisar da yake bi, ya share maganar. Kafin gari ya waye ya ji yadda take ji, yana haɗa tarko da itace da igiyar daji, yana kutsawa cikin fadama, haushin karnuka na biye da shi.

Abun da ya ƙara burge ni shi ne yadda rashin kuɗi ya koya musu dabara. Dajin da kuke gani a fim ɗin, a cikin sutudiyo aka gina shi, kuma da shi aka yi amfani a fim ɗin King Kong na 1933, har ƴan wasa Fay Wray da Robert Armstrong duk suna cikin biyun. Hazo da duhu suna rufe abun da babu kuɗin nunawa, kiɗan Max Steiner da ƙahon farauta suna ɗauke sauran aikin. Ƴan wasa basu fi a ƙirga da yatsu ba. Shi ya sa duk mai ƙaramin jari yake rugawa ga wannan labarin, daji kyauta ne, gudu ma kyauta ne.

Sauran ba su kai shi ba. A Game of Death na 1945 maimaici ne, an mayar da bos ɗin Bajamushe tunda lokacin yaƙin duniya na biyu ne, har wasu hotunan na 1932 aka sake mannawa. Bloodlust na 1961 kuwa talaucin ya fito fili, samari biyu da ƴan matansu sun sauka tsibiri, wani likita yana busar da gawarwaki yana jera su a kogo, surutu ya yi yawa farautar ta yi kaɗan, amma kogon nan ya tsaya min a rai. Abun da bana so a dukkansu shi ne yadda ake ajiye mace, a asalin labarin ma babu ita, fim ne ya ƙaro ta don ta yi ta ihu kuma ta zama ladan wanda ya ci farauta.

Yaron ya haɗa da na baya-bayan nan guda biyu, Hard Target na Van Damme na 1993 da Surviving the Game na Ice-T na 1994. Waɗannan sun fi kuɗi kuma sun fi kama da fim ɗin faɗa, sai dai sun kawo canji mai nauyi, yanzu masu kuɗi ne ke biya don su harbi marasa gida masu kwana a titi, mutanen da in sun ɓace babu mai cigiyarsu. Wannan ya sosa min zuciya sosai. Kuma dole in faɗa, a jihar nan da mutane suka sha kora da tafiyar ƙasa a daji a hannun ƴan bindiga, wannan ba abun nishaɗi ba ne ga kowa. In a gidanku akwai wanda ya taɓa shiga wannan halin, don Allah kar a kunna a gabansa, yara ma a raba su da shi.

Ƙorafina ga shagon. Fayilolin a hargitse suke, babu shekara a jikin suna, wasu ma lamba ce kawai sai ka buɗe ka gane ko wanne ne. Kwafin Bloodlust ya yi duhu har wani wajen murya kawai kake ji, ɗaya kuma ya yanke ana tsakiyar gudu, na koma ya sake turo min ba tare da ya karɓi ko sisi ba, wannan kam na yaba masa. Babbar matsalar ita ce tsofaffin babu fassarar Hausa kuma babu rubutu a ƙasa, ga turancin Zaroff mai lanƙwasa, wanda baya jin turanci sosai zai rasa hirar teburin abincin nan wadda ita ce rabin fim ɗin. Ku tafi da filashinku ko memori mai sarari, ku sa ya buɗe kowane fayil ya ja shi zuwa ƙarshe a gabanku kafin ku biya, in kuma guda ɗaya kawai za ku ɗauka to ku ce ya ba ku na 1932.