Faifan Spears & Munsil na saita hoton talabijin: abin da zai gyara da abin da ya fi ƙarfinsa

Talabijin sabuwa fil takan fito daga kwali da saitin kanti. Hasken ya yi yawa, farin ya karkata zuwa shuɗi, fuskar mutum ta yi ja kamar an shafa mata manja. An yi haka ne don ta ja ido a tsakanin 'yan'uwanta ashirin ƙarƙashin fitilun shago, amma a falo da daddare wannan saiti gajiyar da ido kawai yake yi. Faifan Spears & Munsil Ultra HD Benchmark, wanda Stacey Spears da Don Munsil suka fitar a 2023, an yi shi ne don wannan gyara. Ba shi ne farkon aikinsu ba: sun yi na Blu-ray a 2009, bugu na biyu a 2013, sannan na 4K a 2019.

Faya-fayai uku ne a kwalin. Na farko zanen gwajin HDR ne, wato hoto mai faɗin tazara tsakanin duhu da haske, na biyu hotunan nuni, na uku kuma na hoton yau da kullum, wato SDR, tare da gwajin sauti. Duka ukun sai na'urar 4K Blu-ray ke karanta su, tsohuwar Blu-ray ba za ta ko buɗe su ba. PS5 mai ramin faifai da Xbox Series X suna karantawa, sai dai ba sa fitar da Dolby Vision, wani nau'in HDR, daga faifai, kuma talabijin ɗin Samsung ba ta ɗaukar Dolby Vision ko da wace na'ura. Wanda ke son wannan ɓangare zai nemi irin Panasonic DP-UB820.

Mai farawa ya fara da faifai na uku. Amma kafin nan akwai aikin da ya fi kowane zane tasiri. A bar talabijin ta yi minti 30 a kunne. A sauya yanayin hoto daga "Vivid" ko "Dynamic" zuwa "Filmmaker Mode", in babu shi a ɗauki "Cinema" ko "Movie". A kashe tsimin wuta da firikwensin hasken ɗaki da duk wani abu mai suna "Dynamic Contrast", domin suna ɗaga haske suna saukewa a tsakiyar gwaji, sai a yi ta saitin abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Masu amfani da sola ko inbata kan so barin tsimin wutar a kunne. Gara a kashe shi a rage fitilar allo da hannu, wutar da za a rage ita ce dai, hoton kuma ba zai riƙa rawa ba.

Zanen da ya fi biyan kuɗin faifan shi ne na matakin baƙi. A tsarin bidiyo mai bit 8, baƙi yana kan lamba 16, fari kan 235. Zanen fili ne baƙi mai sanduna huɗu: biyun hagu sun fi baƙi duhu da kashi 4 da kashi 2 cikin ɗari, biyun dama sun fi shi haske da kashi 2 da kashi 4. A ɗaga saitin matakin baƙi na talabijin har duka huɗun su bayyana, sannan a riƙa saukewa ɗaya-ɗaya. Inda biyun hagu suka narke cikin fili, na kashi 2 na dama kuma ana ganinsa da ƙyar, nan ne wurin tsayawa. Lamba ɗaya ƙasa da haka, ninkin baƙar riga da gashin kai a wurin duhu sun tafi. Lamba biyu sama, dare ya koma toka-toka kamar an watsa wa allon ƙurar hunturu. A yi wannan a irin hasken da aka saba kallo a ciki, don sandar da ake gani ƙarfe tara na dare ba lallai a gan ta da azahar ba.

Nan ne mutane da yawa kan ɓata, kuma laifin kamfanoni ne. A da "Brightness" shi ne matakin baƙi. A sababbin Samsung da Sony sunan ya koma na fitilar allo. Matakin baƙi ya zama "Shadow Detail" a Samsung, "Black Level" a Sony da sababbin LG. Mai murɗa "Brightness" a irin waɗannan zai ga allon na ƙara haske amma sandunan ba su motsa ba.

In kuwa an ɗaga saitin har ƙarshe sandunan hagu sun ƙi fitowa, ko hoton gaba ɗaya ya yi fari-fari, a duba zangon HDMI. Na'ura na iya aika cikakken zango, 0 zuwa 255, talabijin na jiran 16 zuwa 235, ko akasin haka. Na farko yakan murƙushe inuwa ya ƙone fari, na biyu ya wanke hoto. A sa duka biyun a "Limited". Kwamfuta da na'urar wasa su suka fi jawo wannan, kuma wannan kuskure ɗaya ya fi dukan sauran lalata hoto.

Zanen fari yana da sauƙi. Akwatuna ne masu lamba da ke hawa zuwa 235 har su wuce. A rage "Contrast" har waɗanda ke ƙasa da 235 su bambanta da juna, kuma kada na saman su yi ruwan hoda, alamar cewa ɗaya daga launuka ukun ya ƙure kafin sauran. A yawancin talabijin na yanzu lambar da ta zo da yanayin silima daidai take.

Sai kaifin hoto. Layuka baƙaƙe ne a kan toka. A matso kusa da allon kamar kamu biyu a duba gefensu. In akwai wani farin zare da ke bin layin, talabijin ce ta ƙara shi, babu shi a faifan. A rage har ya ɓace. A Samsung wurin yana wajen 0, a LG tsakanin 0 da 10, a Sony kuwa 50 ne tsaka-tsaki, saukar da shi ƙasa sai ya dusashe hoto. Zanen nan kuma yana nuna ko ana yanke gefen hoto. In layin bakin allo bai fito ba, a kunna "Just Scan" a LG ko "Fit to Screen" a Samsung.

Launi da zafin fari su ne inda faifan ya kai iyakarsa, kodayake ba laifinsa ba ne. Ma'aunin farin fim D65 ne, kusan Kelbin 6500, kuma "Warm 2" ko makamancinsa ya fi kusa da shi. Kwana biyun farko zai yi kama da ruwan ƙwai ga idon da ya saba da shuɗi, daga baya ido ya zauna. Wannan saurin sabo shi ne dalilin da ya sa ba a gyara saitin daidaita launin toka, na maki 2 ko 20, da ido. Aikin na'urar awon launi ne irin i1Display Pro da manhaja kamar Calman ko HCFR ta kyauta. Kwafo lambobin wani daga intanet ma ba ya yi, don allo biyu na samfuri ɗaya ba sa fitowa daidai. Tsohuwar dabarar leƙa allo ta shuɗin gilashi ita ma ba abin dogaro ba ce a talabijin masu faɗin launi. A bar "Colour" da "Tint" yadda suka zo. Gamma kuma, wato yadda haske ke hawa daga baƙi zuwa fari, 2.2 a falo mai haske, 2.4 ko BT.1886 a ɗaki mai duhu.

A HDR shawarar ta fi gajarta: a duba, kada a taɓa. Siginar tana faɗin ainihin hasken kowane ɗigo har nit 10,000 (nit ma'aunin hasken allo ne), talabijin kuma tana matse abin da ya fi ƙarfinta. Faifai na biyu ya kawo hoto iri ɗaya a matakai daban-daban, ciki har da 1000 da 4000 da 10,000, kuma a farin ƙanƙara da gajimare ake ganin inda kowace talabijin ke fara zubar da bayani. In HDR ya ƙi tashi ko aka ga launi na hawa mataki-mataki a sararin sama, sau da yawa ramin HDMI ne ba a buɗe ba: "Input Signal Plus" a Samsung, "HDMI Deep Colour" a LG, "Enhanced format" a Sony.

Aibin faifan shi ne yawa. Zanen da mai gida ke buƙata ba su wuce shida ba, suna nan cikin ɗaruruwan da aka yi don ƙwararru masu na'urar awo, bayanin kuma da Turancin masu sana'a. Sannan ramin da na'urar faifai ke ciki kaɗai ake saitawa. Dikodar DStv da manhajojin cikin talabijin kamar Netflix suna da nasu saitin, sai an nemi umarnin kwafa shi ga dukan ramuka, kuma SDR da HDR10 (HDR na gama-gari) da Dolby Vision kowanne ana ajiye nasa daban.

Wanda ya riga ya mallaki na'urar 4K da talabijin mai tsada, faifan ya cancanci kuɗinsa, ko don gano kuskuren HDMI kaɗai. Wanda kallonsa dikoda ce da ƙwallo, kada ya sayi na'ura saboda shi. Zanen AVS HD 709 kyauta ne, ana sa shi a filash, kuma yana yin baƙi da fari da kaifi na SDR a ƙasa da rabin awa. A dai tuna cewa ramin USB ma saitinsa daban ne, sai an rubuta lambobin a takarda an mayar da su ramin dikoda.