Sandar fatsa da muline daga Kasuwar Dole: ta jure damina, ƙura ce abokiyar gabarta

Duk wanda ya tambaye ni ko ya sayi sandar fatsan nan mai shigewa cikin juna, wadda ake haɗawa da muline, wato na'urar naɗe zare, a leda ɗaya a Kasuwar Dole ta Damagaram, ce masa nake ya saya. Sai dai da sharaɗi biyu: ya warware zaren da ta zo da shi tun ranar farko, kuma ya nema mata riga kafin hunturu ya kama. In ya yi haka za ta biya shi kuɗinsa. In bai yi ba, kafin shekara ta zagayo ta tashi aiki.

Ni tela ne a Zango, ba masunci ba. Masunta suna da komarsu da birginsu da mamarinsu, su ne masu ruwa, ba su da buƙatar irin wannan kaya. Ni fatsa nake yi ranar da na rufe shago, tun ina yaro da sandar gora da guntun silifa a jikin zare, yawanci a tabkin Gidimuni da ke kan hanyar Gure, wani lokaci a ƙananan tabkunan wajen Mirya bayan damina. Abin da ya ja ni ga muline shi ne nisa. Kacalla ta cinye bakin ruwa a wurare da dama, sandar gora kuwa iyakarta tsawonta. Kifin kirki yana can bayan ciyawa, ba a kai masa sai da jifa.

Jika goma sha biyar na biya. A cikin ledar akwai sanda ta fiba, tsawonta mita 3 in an miƙe ta, in an haɗe ta kuwa ba ta kai mita ɗaya ba. Muline mai lambar girma 4000 da zare naɗe a kwarkwaronsa. Da ɗan akwati na ƙugiyoyi, dalma da kifayen roba masu launi. Kayan Sin ne, irin waɗanda suke shigo mana ta Kano.

Shagon da kansa ya cancanci a yaba masa. Dattijon da ke ciki bai hana ni buɗe leda ba, abin da ba kowane mai kanti ke yarda da shi ba. Da ya ga ina jujjuya sandar sai ya miƙo mini ɗan ƙullin auduga ya ce, "Ɗana, zura wannan cikin zobban ɗaya bayan ɗaya. Inda ta maƙale, akwai tsagewa, kuma nan ne zarenka zai tsinke." Na ce, "To Baba, in na samu fa?" Ya ce, "Sai mu buɗe wata." Haka kuwa aka yi, audugar ta bar gashi a zoben ƙarshe na sanda ta farko, ya ɗauko ta biyu ba tare da ya ɓata rai ba. Yana da zaren lailan mai kauri daga milimita 0.25 har 0.50, yana da ƙugiya lamba-lamba, yana sayar da zoben kan sanda shi kaɗai ga wanda nasa ya karye. Abu ɗaya ne ban so ba: kwarkwaron zare da yake ratayewa a ƙofar shago don jan hankalin masu wucewa. Rana tana cin lailan, tana busar da shi har ya riƙa tsinkewa ba dalili, ranar Damagaram kuwa ba ta wasa. Ka roƙe shi ya ɗauko maka na cikin kwali.

Zare sana'ata ce, don haka a nan zan daɗe. Wanda ya zo da mulinen, da na ja shi tsakanin yatsu biyu, sai na ji wani wuri kauri wani wuri siriri. Ya daɗe a naɗe har ya riƙe siffar kwarkwaro, yana fita a murɗe, iska kaɗan sai ya cukuikuye a zoben farko. Na ƙulla masa ƙugiya na ja da hannu, nan take ya tsinke a ƙulli. Na maye gurbinsa da 0.35, kuma shi nake ba da shawara ga ruwanmu. Ƙasa da haka, saiwar bado da karan kacalla za su goge shi in tarwaɗa ta shige cikinsu. Sama da haka, jifa ba ta nisa kuma karfasa tana shakkarsa. Zaren saƙa ɗin nan da samari ke gani a Facebook ya fi ƙarfi a siririnsa, gaskiya ne, amma yana da tsada, kusan ba ya miƙewa, kuma yana iya sassaƙa zobba masu araha irin na wannan sanda. Kafin ka naɗa sabon lailan, jiƙa shi cikin ruwa ya yi laushi. Ka naɗa shi da ɗan tauri, kana riƙe da shi cikin jiƙaƙƙen tsumma, ka tsaya saura kamar milimita 2 ya kai bakin kwarkwaro. In ya cika ya tumbatsa zai zubo a dunƙule, in ya yi ƙasa kuma bakin kwarkwaro zai riƙa tauye jifarka. Kowane ƙulli ka shafa masa miyau kafin ka ɗaure, domin gogayya tana ƙona lailan a daidai wurin da kake son ƙarfinsa.

Mulinen ya fi abin da na zata. An rubuta 5.2:1 a jikinsa, ma'ana in ka juya hannu sau ɗaya, kan da ke naɗe zare ya zagaya sau biyar da ɗan ɗori. Wannan ya ishi kowane irin fatsa da muke yi. Kwalin ya yi iƙirarin boris masu yawa, da na sa turnabis na buɗe ban samu adadin da aka faɗa ba, wasu wuraren roba ce kawai. Ban damu ƙwarai ba tunda yana juyawa sumul. Abin da ya fi muhimmanci shi ne birki, wato notin da ke gaban kwarkwaro. Aikinsa ɗaya ne da na abin ɗaure zare a keken ɗinki: ka matse da yawa zare ya tsinke, ka sassauta da yawa ɗinki ya lalace. Ƙa'idar ita ce birki ya fara saki in nauyin da ke ja ya kai kwata ko sulusin ƙarfin zaren. Ba sai da sikeli ba. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, zaren da na saya kuma an rubuta masa kilo 8, sai na zuba lita biyu da rabi a jarka, na ɗaura mata zaren kai tsaye daga muline, na riƙa sassauta noti har jarkar ta fara sauka a hankali.

Na ga amfanin wannan wata rana bayan la'asar a Gidimuni. Na sa hanjin kaza a ƙugiya na jefa bayan kacalla, dalma ta zauna a ƙasa. Kan sandar ya ɗan girgiza sau biyu, sai ya sunkuya gaba ɗaya. Tarwaɗa ce babba, ta nufi ciyawa kai tsaye, muline yana kuka zare yana fita. Sandar ta lanƙwashe har kusa da hannuna amma ba ta yi ko ƙara ba. Na ɗora yatsa a gefen kwarkwaro na ƙara mata nauyi kaɗan, ta juyo, ta sake ja, ta gaji. Da na jawo ta bakin laka na kama ta ta bayan ƙayoyin gefenta, sai na ga zaren kusa da ƙugiya ya yi fari don gogar kara, amma bai rabu ba. A wannan ranar na lura birkin yana saki da fizga, ba a jere ba. Da na koma gida na ciro faifan da ke cikin kwarkwaro, masu laushin nan kamar bargo, na tarar a bushe suke. Ɗigon man keke biyu ya gyara su.

Sandar kuwa tana da nauyi a hannu in an daɗe ana riƙe da ita, kuma ba ta da saurin sanar da kai. Karfasa tana iya tsince tana daga ƙugiya ba ka ji ba, shi ya sa har yanzu nake ɗaura guntun silifa in ita nake nema. Sandar kabon ta fi ta sauƙi da jin motsi, amma bugu ɗaya a jikin moto ya isa ya tsaga ta. Fiba tana haƙuri da hanya, kuma haɗewar da take yi ita ce ta sa nake rataya ta a baya in hau moto ba tare da ta tsokane kowa ba. Kowace iri ce a hannunka, in hadari ya taso da walƙiya ka kwantar da ita ka bar bakin ruwa.

Damina ba ta yi mata komai ba. Hunturu ne ya nuna mini inda rauninta yake. Ƙura tana shiga gaɓoɓin sanda, in ka miƙe ta sai ka ji tana ƙarar rairayi, kowace buɗewa tana kankare fibar, ƙarshe gaɓa ta cije ta ƙi komawa ko ta yi sako-sako. Ana miƙe ta daga siririn kai zuwa gindi, ana mayar da ita daga gindi zuwa kai, da ɗan murɗawa, ba da dukan ƙasa ba. Murfin gindinta yana kwancewa. Ka cire shi lokaci-lokaci ka zuba ruwa mai tsabta ya wanke cikin, ka bar ta a miƙe cikin inuwa ta bushe. Ruwan wasu tabkunanmu yana da kanwa, yana barin fari-fari a jikin muline da gindin zobba, nan tsatsa ke farawa. Jiƙaƙƙen tsumma ya wadatar, kada a tsoma muline cikin bokiti. Man keken ɗinki ɗigo ɗaya a ɗan gargaren da zare ke bi da kuma hannun juyawa, giris kaɗan a haƙoran ciki sau ɗaya a shekara, sannan a sassauta birki kafin a ajiye don kada faifan su danne su mutu. Ni na ɗinka wa sandar doguwar riga da ragowar yadin kaki, muline kuma ƴar jaka mai zuge. Kowane tela zai yi maka su da ɗari biyar.

Ɗan akwatin nan, dalma kaɗai na amfana da ita. Ƙugiyoyin suna da taushi, ɗaya ta miƙe a bakin gaiwa, sauran suka yi tsatsa. Na sayi lamba 8 da 10 don karfasa, 1/0 da 2/0 don tarwaɗa. A ƙananan lambobi, in lamba ta hau ƙugiya ƙanƙancewa take yi, masu sifili a baya kuwa girma suke yi. Kifayen roba ba su kama mini komai ba. Ruwanmu gurɓatacce ne mafi yawan lokaci, tarwaɗa kuma da ƙamshi da gashin bakinta take neman abinci. Tana, gara, hanjin kaza da ƙullin dusa su ne ke aiki.

Tsohon zare kuma don Allah a sa shi aljihu a dawo da shi gida. Tabkin Gidimuni yana cikin jerin Ramsar, wato wuraren ruwa masu muhimmanci a duniya, tun 2019, tsuntsaye suna sauka a can da yawa, na taɓa kwance belbela da lailan ya sarƙe mata ƙafa har ya shiga nama.

Wani abokina yana da muline na Shimano, kamfanin Japan ɗin nan da muka sani da kayan keke, daga Yamai aka kawo masa. Na gwada shi, birkinsa ya fi nawa santsi nesa ba kusa ba, kuma shi kaɗai ya fi kuɗin ledata duka. Wanda zai je kogin Isa neman giwan ruwa, irin wannan ya kamace shi, da sanda mai gaɓa biyu. Mai zuwa tabki ranar hutu don tarwaɗa da karfasa, na Kasuwar Dole ya ishe shi, ya ƙara jika uku na zare da ƙugiya.

Abin da shagon ya rasa shi ne kayan gyaran muline. Ɗan sifirin da ke mayar da wayar kama zare shi ne ke fara gajiya a irin waɗannan, shi ya sa nake rufe wayar da hannu bayan jifa maimakon in bar juyawa ta buge ta. Na yi wa Baba maganar, ya rubuta lambar mulinen a bayan kwali, ya ce zai duba in ya shiga Kano.