Bangon LED ko koren ƙyalle: amsa ga mai jagorantar fim ɗin ɗalibai

Ƙanwata, kin ce an ɗora miki jagorancin gajeren fim na kammala karatu, minti takwas, ku tara, kuma an ba ku kwana biyu a ɗakin da ke da bangon LED, wato katafaren allo mai nuna hoton wuri a bayan jarumai yayin ɗauka. Kina tambaya ko ku karɓa, ko ku tsaya a kan koren ƙyallen da kuka saba.

Duk wanda kika ɗauka akwai wahala, lokacin shanta ne ya bambanta. Da koren ƙyalle sai ku ɗauki jarumanku yau, ku gina abin da zai fito a bayansu daga baya. In dutsen bai yi miki ba, ko bayan wata guda a sauya shi. Shi kuwa bango, tun ran gini ran zane. Sai an gama gina wurin a Unreal Engine, manhajar ƙera wurare a kwamfuta, an saita haskensa, an tabbatar kwamfuta na iya juya shi aƙalla hoto 24 a daƙiƙa ba ta sarƙe ba, kafin kowa ya ɗora kyamara. Abin da ta kama ya zauna daram.

Inda bango ya yi wa kore fintinkau shi ne haske. A shiri mai dogon zango The Mandalorian na 2019, kamfanin ILM mai haɗa siddabarun fim ya kafa bango mai tsayin ƙafa 20 da ya kewaye fili da digiri 270, kuma jarumin sanye yake da sulke mai ƙyalli kamar madubi. Da a gaban kore aka tsayar da shi, kore zai yi ta haskowa a jikinsa. To duba labarinki: akwai tabarau, gilashin mota, ruwa, hayaƙi, ko gashi da iska ke kaɗawa? A kore, waɗannan ne ke hana mai tace fim barci, yana bin kuncin jaruma hoto bayan hoto yana goge koren da ya fantsamo. A bango, jan faɗuwar rana da kansa yake sauka a fuskarta, kuma tana ganin abin da aka ce ta ji tsoro, ba ɗigon tef da aka manna a kore don alama ba.

Amma bango ma da nasa halin. In idon kyamara ya sauka a kansa sosai, sai wani zane ya riƙa rawa kamar igiyar ruwa, don haka a janye jarumi nesa da shi, a bar bayan ya ɗan dushe. Na'urar da ke bin motsin kyamara in ta kauce, sai ki ga duwatsu suna zamewa kamar kwalekwale. In ba a daidaita lokacin da kyamara ke ɗaukar hoto da lokacin da bango ke sauya nasa ba, layuka su fito. Ba ya ba da zafin hasken tsakar rana, sai kun ƙara fitila. Kuma ƙasa taku ce: yashi ko dutsen da jarumi zai taka dole launinsa ya haɗe da na allo. Wannan saiti kaɗai na iya cinye muku safiyar farko, ga amsa-kuwwar da bangon ke jawowa, wadda mai ɗaukar sauti zai yi ta ƙorafi a kai.

Ni dai da ni ce, mutum ɗaya zan kalla: wanda ke gina wurin a kwamfuta. In saura mako biyu bai iya zagayawa da ke a cikinsa ba, kina cewa matsar da wannan bishiyar ya matsar nan take, ku koma kore. In ya iya, ku karɓi kwana biyun, amma kada ki kwashi fim ɗin gaba ɗaya ki kai can. Zaɓi fitowa uku ko huɗu da haske ya fi muhimmanci. Ki fara da ta cikin mota in akwai, don bidiyon hanya kawai za a kunna a bayan taga, kyamara a kafe, ba ruwanku da na'urar bin motsi.