Sunan kamfani ba ya riƙe hinji

Laftof ɗina ta farko ba injinta ne ya mutu ba, hinjin murfi ne ya kashe ta. Sabuwa fil na saye ta, ina ta murnar na samu arha. Ba ta cika shekara 2 ba, wata safiya na ɗaga murfin sai na ji ƙas. Ashe a cikin roba aka ɗaure sukurorin hinjin, robar ce ta tsage. Mai gyara ya liƙe, ta sake ɓallewa, har na koma jingina allon da littattafai in ina aiki.

Mai gyaran nan ne ya ankarar da ni cewa tambayar "HP ko Dell ko Lenovo" ba ta da amsa, domin kowane ɗayansu kaya iri biyu yake ƙerawa. Akwai na gida: HP Pavilion, Dell Inspiron, Lenovo IdeaPad. Akwai kuma na ma'aikatu: HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad. Tambarin da ke kan murfi ɗaya ne, amma kan na biyun ake kashe kuɗi wajen ƙarfin jiki, tunda kamfanoni ne ke saye da yawa a lokaci guda kuma ba sa son a riƙa dawo musu da kaya. Tsakanin IdeaPad mai arha da ThinkPad akwai tazarar da ta fi wadda ke tsakanin ThinkPad da Latitude.

Yanzu ThinkPad T480 ce a hannuna, ta hannu, ƙirar 2018. IBM ne ya fara ƙera ThinkPad a 1992, Lenovo ya saye sashen a 2005, kuma har yau madannanta su ne abin da na fi yabawa. Ni mai yawan rubutu ne, nakan wuni ina bugawa yatsuna ba su gaji ba. Gurbin RAM (ƙwaƙwalwar da inji ke aiki da ita) biyu gare ta, da sukudireba na buɗe ƙasanta na mai da ita 16GB da kaina. Batir ma biyu ne, na wajen ana zare shi a sa wani ba tare da an kashe ta ba. Ba ta da ƙyalli, baƙa ce ƙirin kamar akwati, kuma kuɗin da na biya bai kai na sabuwar mai robar nan ba.

Latitude da EliteBook na waɗannan shekarun duk tafiyarsu ɗaya. EliteBook ta fi kyan gani saboda jikin alminiyam, in hakan ya dame ka.

MacBook wani zance ne daban. Tun da Apple ya fito da firosesansa M1 a ƙarshen 2020, MacBook Air ba ta da fanka ko ɗaya, shiru take aiki, batirinta kuma yakan kai mutum yamma. Ƙanwata na da ita, kuma na yarda ginin jikinta ya fi na tawa nesa ba kusa ba. Abin da ya hana ni shi ne RAM da SSD (ma'ajiyar fayiloli) ɗinta a manne suke da allon inji. Abin da ka saya ranar farko da shi za ka zauna, ƙari kuma tun wurin saye ake biyansa da tsada.

Acer Aspire da Asus Vivobook kan ba da injin da ya fi kuɗinsa, ga ɗalibi ba laifi. Sai dai a taɓa murfin a ji ko yana lanƙwasa, a kuma guji allo mai 1366x768 in akwai mai 1920x1080, wanda ya fi fitar da hoto tas.

Wuri ɗaya ne ta hannu ke iya cutar da mai saye. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana buƙatar TPM 2.0 (wani guntun tsaro da ke cikin inji), in kuma firosesan Intel ne, zubi na 8 zuwa sama. T480 mai firosesa zubi na 8 ta tsallake da kyar, T470 da ta girme ta da shekara ɗaya tak ba ta shiga ba. A ido kusan ba ka bambance su, don haka lambar firosesa nake fara dubawa kafin in buɗe murfi in rufe sau biyar ina sauraron hinji.