GARGAƊI ga masu sayen injin jirgin ruwa: ana wa injin da ya nutse fenti ana sayarwa a matsayin tokumbo

Salam jama'a, don Allah duk wanda yake da ɗan uwa mai harkar jirgi ko kamun kifi, a Yawuri ne ko Baga ko Lokoja ko can Lagdo da Yeji, ya tura masa wannan. Akwai wasu mutane da suka mai da Facebook da guruf guruf na WhatsApp kasuwarsu, suna tallan injin jirgi wai tokumbo ne yanzu aka sauke shi daga kwantena, yawanci Yamaha ɗin nan mai doki 40 da kowa ke nema, ga farashi ƙasa da na kasuwa sosai. Alhali inji ne da ya nutse, ko jirgi ya kife da shi ko ambaliya ta shanye shi ya kwana ya wuni a ruwa, sai su saye shi a wulaƙance su wanke su canza fulogi su fesa fenti su manna sabuwar sitika, irin dai abin da ake mana da motocin da ambaliya ta ci a Amurka.

Za su turo maka bidiyo an ɗaure injin a jikin katako, a ja igiya sau ɗaya ya tashi, kafin ka gama kallo an kashe, sai a ce maka akwai mutum biyu da ke jira, ka tura kafin alƙalami a sa maka a mota. Haka aka yi wa wani ƙanena mai jigilar 'yan kasuwa, kuɗin adashensa da na bashi ya haɗa ya tura. Injin ya zo yana ƙyalli, ya ɗan yi aiki, rannan a tsakiyar kogi da mata da yara da buhuna a cikin jirgi ya fara ƙwanƙwasa ya tsaya cak, da filafili suka kai gaɓa, Allah ne ya tsare. Da bakanike ya kwance shi wallahi boris ɗin ciki, wato ƙarafan da sassan inji ke juyawa a kansu, duk tsatsa ce ja, ga busasshiyar laka maƙale a ƙarƙashin faifan nan da igiyar tayarwa ke juyawa. Mai sayarwa kuwa tuni ya yi bulokin ɗinsa.

Abin da ya sa suke cin nasara shi ne injin da ya sha ruwa, in an fitar da ruwan an wanke shi, yana iya tashi lafiya lau, matsalar tana ciki inda ido ba ya gani. Da zarar an fito da shi iska ta taɓa ƙarfen da ya jiƙe, tsatsa ta fara kama boris, balle in ruwan gishiri ne na teku, wannan ko kwana ba ya jira. In ba a ɗora masa kaya ba zai yi ƙara mai daɗi, sai an ɗora masa lodi ya yi zafi tsatsar ta riƙa cin ƙarfe har ya ƙwame. Kuma tayar da shi a bushe da suke yi a bidiyo shi kansa ɓarna ne, robar famfon ruwa da ke ƙafar inji ruwa ne ke sanyaya ta, cikin ɗan lokaci kaɗan take ƙonewa in ba ruwa.

To in za ka saya ka je da bakanikenka, naka ba nasu ba. A fara kwance notin ƙasa na giya a tari man a farar roba, in ya fito fari fari kamar shayi mai madara to ruwa ya shiga. Mai fo-sitirok, wato injin da baƙin mansa daban fetur daban, a zaro sandar gwajin baƙin mai ma a duba, shi tu-sitirok da ake haɗa mai da fetur ba shi da wannan. A cire fulogi a haska tocila cikin ramin, a buɗe kafireta a ga ko akwai yashi ko farin gari a gindinta, a zare kan wayoyi a ga ko sun yi kore. Ka kalli notuna da kyau, kamfani ba ya fesa fenti a kan tsatsa da datti, in ka ga fenti ya rufe laka ko ya hau kan waya ka san hannun mutum ne. Lambar inji da ke jikin maƙalinsa in an kankare ta ko an cire ka tashi kawai, ƙila ma na sata ne. A gwada kwamfireshan, wato ƙarfin matse iska na kowace silinda, awon silindojin ya zo kusa da juna, in ɗaya ta faɗi sosai akwai magana. Sannan a sa shi a jirgi da kaya a yi tafiya mai ɗan nisa, kana kallon ruwan nan da yake tsartarwa ta baya, shi ke nuna famfon ruwa na aiki. Wanda ya ce ba lokacin gwaji, kar ka ba shi ko sisi.

Masu inji a hannu kuma, in Allah ya kawo tsautsayi naka ya faɗa ruwa kar ka ja igiya don ka ji ko zai tashi, ruwa ba ya matsuwa a silinda, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Cire fulogi tukuna, a juya shi ruwan ya fita, a ɗauraye da ruwa mai tsafta, a zuba man inji ta ramin fulogi, a zubar da fetur ɗin kafireta, a yi ƙoƙari ya tashi a ranar ya yi zafi ya bushe. Ka riƙa duba bayan farfela don zaren koma da na fatsa suna naɗewa su yanke sil, wato robar da ke tare ruwa, ta nan ruwa ke shiga giya. In za ka kwantar da inji kansa ya fi ƙafarsa tudu, in ba haka ba ruwan da ya rage zai gangaro cikin silinda. Fetur ɗin jarka ma a tsiyaya kaɗan a kwalba a gani, ruwa ƙasa yake kwanciya.

Wanda kuma aka riga aka cuta kar ya yi shiru don kunya, ya ajiye rasit ɗin tiransifa da hirarsu da bidiyon, ya kai wa 'yan sanda, ya kuma sanar da sarkin ruwa da shugabannin ƙungiyar 'yan jirgi na tasharsu don a faɗa wa sauran.