Akwatin Kifin Ado: Ƙarami ko Babba?

Duk baƙon da ya shigo falona a Jos ya ga jajayen kifayen nan na ado, golfish, sai ya tambaya: akwatin gilashi ƙarami zai saya ko babba?

Ƙaramin ya fi araha, ba musu. Amma golfish akwai ci, akwai kashi, ga shi yana iya kai santimita 20. A ɗan ruwa datti ke saurin taruwa, in aka ɗauke wuta famfon iska ya tsaya, sai ka ga kifi ya taso sama yana haki. Babba ya fi haƙuri da sakaci, sai dai canjin ruwansa jarka-jarka ne.

Nauyi ne mutane ke mantawa. Auna tsawo, faɗi da zurfi a santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000, litocin ke nan; kowace lita kilo ɗaya ce. Mai 60 da 30 da 35 lita 63 ne, da gilashi da tsakuwa ya doshi kilo 80. Mai 120 da 40 da 45 kuwa lita 216, a cike ya zarce buhun siminti biyar. Ni teburin katako na fara ɗora wa, cikin mako ya lanƙwashe, dole na nemi mai walda.

Na'urar ɗumama ruwa kam ba dole ba ce, golfish na son sanyin Jos.

Ɗan haya mai yawan tashi, da ƙaramin kifi ɗaya na ɗan lokaci, ƙarami ya ishe shi. Mai gidan kansa da daɓen siminti, mai son kifi biyu ko uku su girma, babba ne nasa.