Sharhi Kan Madubin Saiti Ƙirar Amurka: Wanne Ne Zai Jure Ƙura da Zafin Bauchi?

A tsakanin masu riƙe da bindiga a Amurka akwai muhawarar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa game da madubin saiti mai jan ɗigo. Wasu sun kafe a kan cewa ba za su ɗora wa makaminsu komai ba sai wanda aka ƙera a cikin ƙasarsu, wasu kuwa suna ganin ƙirar Sin ta yi ingancin da biyan ninkin kuɗi ya zama ɓarna. Muhawarar ta iso mana nan Bauchi ta bidiyoyin YouTube da takardun talla, har nakan ji matasan jami'ai suna maimaita hukuncin Amurkawa tamkar a yanayinmu aka yanke shi. Wannan sharhi na yi shi ne domin waɗanda doka ta ɗora wa riƙon makami, wato jami'an tsaro da masu gadin daji irin na Yankari da ma'aikatan da ke rubuta musu takardun sayen kaya. Dokar makamai ta 1959 ta ɗaure mallakar bindiga da lasisi, kuma a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabo, saboda haka wannan ba kayan da kowa zai nema a kasuwa ba ne.

Yadda na'urar ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Wani ɗan ƙaramin ƙwan lantarki ne ke haska ɗigo a kan gilashi mai lanƙwasa wanda aka shafa wa sinadarin da ke mayar da jan haske zuwa ido, sai mai harbi ya ga ɗigon kamar yana zaune a jikin abin da ya nufa. Ba ya buƙatar jera saitin gaba da na baya kamar yadda ake yi da saitin ƙarfe, kuma yana iya barin idanunsa biyu a buɗe. Howard Grubb na ƙasar Ailan ne ya yi rajistar dabarar a 1900, amma sai a 1975 kamfanin Aimpoint na Suwidin ya fitar da na farko mai ƙwan lantarki. Ana auna girman ɗigon da ma'aunin MOA, wanda ɗayansa ke rufe kimanin santimita 2.9 a tazarar mita 100. Ɗigo mai MOA 2 yana rufe kusan santimita 6 ke nan, mai 6.5 kuwa kusan santimita 19, abin da ya sa babban ɗigo ya fi dacewa da ƙaramar bindiga, ƙarami kuma da doguwa.

Ba'amurken da ya zaɓi ƙirar ƙasarsa yana da hujjoji masu ƙarfi. Idan madubin ya lalace zai aika shi masana'antarsa a jihar Mishigan ko Oregon ta gidan waya, ya dawo masa a gyare, kuma hukumar kula da kasuwanci ta tarayyarsu, FTC, ba ta yarda a rubuta cewa an ƙera kaya a Amurka sai in dukkansa ko kusan dukkansa a can aka yi shi, ƙa'idar da ta ƙara wa ƙarfi a 2021. A wurinmu hujjar farko ta faɗi warwas. Madubin saiti yana cikin kayan da Amurka ke sa wa ido wajen fitarwa, sai da izini, don haka mayar da wanda ya lalace daga Bauchi zuwa masana'anta da sake shigo da shi aiki ne na takardu da watanni. Garantin da ke cikin kwalin yana da kyau a karanta, amma amfaninsa a nan kaɗan ne. Abin da ya rage mana shi ne mu auna kayan da kansu: ƙarfin jiki, batir, da yadda suke yi da ƙura.

Madubin RMR na kamfanin Trijicon shi ne wanda aka fi ambata, kuma ya cancanci sunan da ya yi. Kamfanin yana Wixom a jihar Mishigan, an kafa shi a 1981, ya fitar da RMR a 2009 sannan ya gyara mahaɗin batirinsa a samfuri na biyu a 2017, wanda rundunar sojojin musamman ta Amurka ta zaɓa domin ƙananan bindigoginta a 2018. An yi jikinsa da alminiyam nau'in 7075, kuma saman gidan gilashin yana da ƙahoni biyu a gefe waɗanda ke karkatar da ƙarfin faɗuwa daga kan gilashin. Wannan ƙira ita ce babbar fa'idarsa. Makamin aiki yana shan bugu a ƙofar mota da bayan Hilux da kan dutse, kuma RMR yana cikin 'yan kaɗan da suka yi suna wajen riƙe saitinsu bayan irin wannan wahala. Yana jure nutsewa har zurfin mita 20, yana amfani da batir CR2032, irin wanda ke cikin makullin mota da kwamfuta, wanda ba ya wuyar samu wurin masu gyaran agogo a kasuwar Wunti.

Illolinsa biyu ne, kuma dukkansu sun fi nauyi a nan fiye da can. Ta farko, batirin yana ƙarƙashin madubin, sai an kwance shi daga jikin bindiga kafin a canza, sannan a koma filin harbi a tabbatar saitin bai gusa ba. Ga wanda ke da harsashin gwaji a wadace wannan ƙaramin abu ne, amma jami'in da ake ƙidaya masa kowane harsashi ya san ba haka ba ne. Kamfanin yana cewa batirin zai yi shekara 4, sai dai wannan lissafi na haske matsakaici ne, a mataki na 4 cikin 8. Ranar bazara a Bauchi, musamman a kan farar ƙasa da busasshiyar ciyawa, tana haɗiye ɗigo matsakaici, dole a ƙara masa haske, kuma a mataki mafi ƙarfi shekarun nan suna komawa makonni kaɗan. Illa ta biyu ita ce mafi girma: ƙwan da ke haska ɗigon a buɗe yake, babu abin da ya rufe tsakaninsa da gilashi, kamar randar da aka bari ba faifai a tsakiyar hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura mai laushi tana taruwa a ramin ƙwan har ɗigon ya dusashe, da damina kuwa ɗigon ruwa guda da ya sauka a wurin yana iya tarwatsa hasken ya zama ɗigo da yawa. Ana iya sharewa, amma ba a tsakiyar aiki ba. Akwai nau'in RMR da ba ya amfani da batir, wanda ke tara hasken rana ta zaren gilashi da rana, da dare kuma ya dogara da sinadarin tiritiyam mai ba da haske da kansa. Dabara ce mai jan hankali ga wanda ke kwana a daji, sai dai ɗigon yana yin rauni idan mutum yana cikin duhu yana duban wuri mai haske, kuma ƙarfin tiritiyam yana raguwa da rabi a kimanin shekara 12.

Saboda wannan ne nake fifita madubin MRO, shi ma na Trijicon, domin doguwar bindiga. An fitar da shi a 2015, rufaffen bututu ne mai gilashin gaba na milimita 25 da ɗigo mai MOA 2, batirinsa yana cikin maɓallin haske a sama, ana canza shi ba tare da taɓa saiti ba. Ƙura tana tsayawa ne a wajen gilashi, inda tsumma mai laushi ya ishe ta. Masu amfani da shi sun daɗe suna ƙorafin cewa gilashin yana da shuɗin launi kuma samfuran farko suna ɗan ƙara girman abu, wanda ke damun wasu idan idanu biyu suna buɗe. Ƙorafin gaskiya ne, kuma ya kamata mai saye ya leƙa da idonsa kafin ya amince, amma bai kai matsalar ƙura ba. Ga ƙaramar bindiga, kamfanin ya fitar da RCR a 2023, wanda ya rufe ƙwan gaba ɗaya.

Madubin kamfanin EOTech na Amurka wata hanya ce dabam. Ba ƙwan lantarki yake amfani da shi ba, hasken leza ne ke tayar da hoton saiti da aka ɗauka a cikin gilashin, zobe mai MOA 68 da ɗigo mai MOA 1 a tsakiya. Tagarsa faffaɗa ce, babu launin da ke rage haske, kuma wajen saurin kama abu a kusa ban ga wanda ya fi shi daɗin ido ba. Farashin wannan daɗi shi ne batir. Samfurin EXPS3 yana cin batir CR123 guda a kimanin sa'o'i 1,000, wato kwana arba'in da 'yan kai idan aka bar shi a kunne, ga shi CR123 ba batirin da ake samu a Alkaleri ko Ningi ba ne. Samfurin 512 yana amfani da batirin AA biyu, wanda ya fi dacewa da mu, ko da yake ya fi tsawo da nauyi. Akwai kuma tarihin da bai kamata a ɓoye ba. A Nuwamba 2015 kamfanin L-3, wanda ya mallaki EOTech a lokacin, ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 25.6 domin sasanta ƙarar da ta zarge shi da sayar da madubai alhali ya san saitinsu yana gusawa a matsanancin zafi ko sanyi, kuma danshi yana shiga ya dusashe hoton. Daga baya sojojin musamman na Amurka sun sake ba EOTech kwangila, an kuma sayar da kamfanin ga wasu masu shi a 2020. Duk da haka, a garin da zafi ke kusantar digiri 40 a Maris da Afrilu, kuma baƙin ƙarfen da aka bari a rufaffiyar mota yana wuce haka nesa, tsohon EOTech da ba a san shekarar ƙirarsa ba bai cancanci a amince masa ba.

DeltaPoint Pro na kamfanin Leupold da ke Beaverton a jihar Oregon yana da taga mai faɗi da haske, batirinsa ta sama ake sa shi, kuma yana kashe kansa idan an ajiye shi ya farka da an motsa. Shi ma buɗaɗɗe ne, saboda haka matsalar ƙura tana nan. Kamfanin yana bayyana cewa a Amurka ake tsara kayansa, a sassaƙa, a haɗa, bayanin da bai ce kowane ɓangare daga can ya fito ba.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa madubin da ya fi cika sharuɗɗanmu ba na Amurka ba ne. Rundunar sojin ƙasa ta Amurka kanta ta ɗauki Aimpoint na Suwidin tun 1997 a ƙarƙashin sunan M68, ba ta tsaya a kan ƙirar gida ba. Samfurin Aimpoint CompM4 yana aiki da batirin AA guda na tsawon sa'o'i 80,000 bisa lissafin kamfani, Micro T-2 kuma sa'o'i 50,000 a kan CR2032, wato fiye da shekara 5, kuma an ƙera shi ya yi aiki har zafin digiri 71. Holosun na Sin, wanda Amurkawa masu kishin ƙirar gida suka fi suka, ya kawo batirin da ake zarowa ta gefe da allon hasken rana a farashin da ya gaza na RMR sosai, shi kuwa RMR yakan kama tsakanin dala 400 zuwa 600 a can kafin kuɗin jigila da kwastam. Ga hukumar da za ta sayi ɗaruruwa, wannan bambanci shi ne ke raba a ba kowa da a ba kaɗan. Ban sa Holosun a sahu ɗaya da Aimpoint ko Trijicon wajen jure bugu na shekaru ba, amma raina shi don ƙasar da ya fito kuskure ne.

Akwai wani abu da bidiyoyin Amurka ba sa tsayawa a kansa domin bai dame su ba. Bindigoginsu suna zuwa da layin ɗora madubi nau'in Picatinny, wanda suka mayar ma'auni a 1995, alhali mafi yawan makaman aiki a nan dangin AK ne, kuma AK na asali ba shi da wannan layi a sama. Murfin samansa yana da wasa, madubin da aka ɗaura a kansa ba ya riƙe saiti ko da nawa aka saye shi. Sai an sami mazauni mai ƙarfi, ko na gefe ko wanda ya maye gurbin marufin gaba, kuma na gaban yana ɗaukar zafi idan harbi ya yi yawa. Beryl M762 ƙirar Polan da sojojinmu ke amfani da ita an tanadar mata wurin ɗora layi, don haka ta fi sauƙi. A ganina a nan ne batun ƙirar gida yake da ma'ana a gare mu. Masana'antar DICON mai ƙera makamai da ke Kaduna tana nan tun 1964, an sabunta dokarta a 2023, kuma sassaƙa mazaunin madubi mai inganci aikin injin ƙarfe ne da ya fi shafa sinadari a gilashi sauƙi nesa ba kusa ba.

Jabu kuwa ya cika duniya, kuma RMR da EOTech da Aimpoint su ne aka fi kwaikwaya, har da kwali da takardu. Na taɓa riƙe wani da aka kawo da sunan gangariya, tambari da lamba duk sun zauna daidai, amma maɓallin daidaita saitinsa yana juyawa ba tare da wani sauti ba, ɗigon kuma yana ƙiftawa idan an bubbuga jikinsa da tafin hannu. Irin wannan an yi shi ne domin bindigar wasa, girgizar harbi na gaskiya tana kashe shi. Hukumar da za ta saya ta nemi dila mai izinin kamfani, da takardar shaidar mai amfani na ƙarshe daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ta kuma aika lambobin jikin kayan ga masana'anta a tabbatar kafin a biya. Ga doguwar bindiga zan rubuta rufaffen madubi mai batirin AA ko CR2032, Aimpoint a farko, MRO a bayansa idan sharaɗin kwangila ya tilasta ƙirar Amurka. Ga ƙaramar bindiga RCR ya fi RMR dacewa da hunturunmu, kuma kowanne aka zaɓa a bar saitin ƙarfe a wurinsa yadda za a iya gani ta cikin gilashin idan ɗigo ya ɗauke.